WUTAR SHARA A CIKIN GARAKE

Damina ta wuce. An kai hatsi rumbu. Yanzu hankalin jama'a ya koma fadama. Daga gulbin Maradi zuwa koramar Damagaram, daga Maggiya zuwa bakin kogin Isa a Yamai, kowa ya ɗauki hauyarsa ya nufi garka.

Aikin farko shi ne sharar wuri. Ana tara busasshiyar ciyawa da kara da ƙaya da tsohon shinge. A cikin tarin akwai leda da tsumma da gwangwani. Idan tari ya yi girma sai mai garka ya ƙyasta ashana, ya koma gefe yana kallo. Shi a wurinsa aiki ya ƙare. Amma a wurin maƙwabcinsa, yanzu ne damuwa ta soma.

Kowace shekara wannan ƙaramar wuta tana haddasa rigima. Tana lalata shuka, tana sa tari, wani lokaci ta zama gobara. Ga bayani a kan ɓarnarta, da abin da za a yi da shara, da hanyar da mutum zai bi idan hayaƙin wani ya dame shi.

GARKA BA GONA BA CE

Noman rani ya daɗe a ƙasar Hausa. Amma ya ƙaru ƙwarai bayan farin shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Seini Kunce ta yi kira ga jama'a su kama shi don maganin yunwa. An gina rijiyoyi, an kewaye filaye, an raba wa magidanta da ƙungiyoyin mata. A manyan filayen ban ruwa kamar na Jiratawa da Ƙwanni da Galmi, manoma da yawa suna aiki kusa da kusa, suna shan ruwa ɗaya.

Gonar tudu tana da faɗi. Mai ita yana iya yin wuni bai ga kowa ba. Garka kuwa ƙarama ce. Taki goma ya isa mutum ya shiga ta maƙwabcinsa. Kunya ɗaya ce ko shinge ɗaya ke raba su. Wannan yana share wuri, wancan ya riga ya dasa salati. Wani yana da irin albasa ɗan mako biyu. Wata ta shimfiɗa jaririnta a inuwar mangwaro tana ban ruwa.

Hayaƙi bai san iyaka ba. Bai san kunya ba, bai san shinge ba. Inda iska ta nufa nan yake tafiya. Saboda haka wutar da mutum ya kunna a garkarsa ba tasa ba ce shi kaɗai. Duk wanda ke ƙarƙashin iska yana da rabo a cikinta.

ME YA SA AKE ƘONA SHARA?

Masu ƙonawa suna da hujjojinsu. Suna cewa wuta tana da sauri, aikin kwana uku ta yi shi cikin awa ɗaya. Suna cewa toka taki ce. Suna cewa wuta tana kashe ƙwari da ƙwayar ciyawa, tana korar macizai da kunamu da ɓeraye. Wasu kuma suna cewa haka suka tarar iyayensu suna yi.

Akwai gaskiya cikin wannan magana, amma ba duka ba. Sharar zamanin iyaye ciyawa ce da kara da icce. Sharar yau ta haɗu da leda, da roba, da tsofaffin duwatsun rediyo da na tocila, da kwalaben maganin ƙwari. A da daji yana da yawa, ana barin gona ta huta shekaru. Yau ƙasa ta yi ƙaranci, kowace shekara wuri ɗaya ake nomawa. Abin da ya yi daidai jiya yana iya zama ɓarna yau.

ABIN DA WUTA KE CI

Ciyawa da kara da ganye abinci ne. Daga ƙasa suka fito, ƙarfin ƙasa ne a cikinsu. Idan sun ruɓe, ƙarfin ya koma inda ya fito. Idan an ƙone su, mafi yawansa ya tashi sama.

Akwai wani sinadari da malaman gona ke kira azot. Shi ne ke sa ganye ya yi kore shar, ya yi faɗi. Shi ne manomi ke nema idan ya sayi takin ure. Buhun ure mai kilo 50 yana da azot kilo 23. Ton 1 na busasshen karan hatsi yana da azot wajen kilo 5 zuwa 8. Ke nan ton 4 na kara sun kai kusan buhu ɗaya na ure. Idan wuta ta ci kara, kusan dukan azot ɗin yana bin hayaƙi. Mutum ya ƙone taki da hannunsa, sa'an nan ya tafi kasuwa ya sayi wani da kuɗi.

To, ina zancen toka? Toka tana da amfani. Akwai potas da alli a cikinta. Amma ba ta da azot. Kuma ba ta da nauyi. Iskar hunturu tana kwashe ta kafin a yi ban ruwa, ta kai ta wani wuri.

Abu na biyu da wuta ke ci shi ne laushin ƙasa. Ruɓaɓɓen ganye shi ke sa ƙasa ta yi baƙi, ta yi taushi, ta riƙe ruwa kamar soso. Ƙasar da ake ƙonawa kullum tana yin fari. Idan jigawa ce, ruwa ya wuce ta kamar rariya. Idan laka ce, ta daskare ta tsage. Mai irin wannan garka yana jan guga fiye da kowa, ko ya sha man inji fiye da kowa.

A tashar binciken noma ta Sadore, kudu da Yamai, an gwada barin kara a kwance a gona. An ga ton 2 na kara a ekta ɗaya suna rage yashin da iska ke kwashewa da kusan rabi. Karan yana tare ƙurar hunturu, ƙurar nan kuwa taki ce. Gara tana cin karan, tana huda ƙasa, ruwa yana samun hanyar shiga.

Abu na uku shi ne itatuwa. Wuta kusa da gindin mangwaro ko lemu ko gwaba tana ƙona ɓawo da ƙananan saiwoyi. Iccen ba ya mutuwa ran nan, amma furensa yana zubewa, ƴaƴansa su ragu. Ƙananan tohon gawo da kalgo da sabara kuwa, waɗanda masu sassaben zamani ke raino a ƙasar Maradi tun shekarun 1980, wuta ɗaya ta ishe su.

HAYAƘI DA LAFIYAR JAMA'A

Cikin hayaƙi akwai ƙura mai laushi ƙwarai wadda ido ba ya gani. Gashin hanci ba ya iya tare ta. Tana wucewa har cikin huhu, daga nan wata ta shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iska tana kashe wajen mutum miliyan 7 kowace shekara a duniya.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne jarirai, da tsofaffi, da mata masu ciki, da masu ciwon fuka ko ciwon zuciya. Yaro yana numfashi da sauri fiye da babba, don haka yana shaƙar hayaƙi fiye da babba. Lokacin sharar garka kuma ya zo daidai da hunturu. Ƙura ta riga ta cika iska, mura da tari sun riga sun kama yara. Hayaƙi ƙari ne a kan ciwo.

Ɗanyar shara ta fi busasshiya hayaƙi. Tarin ɗanyen ganye ba ya ci da harshe. Yana cin ciki a hankali, yana turnuƙewa dare da rana. Irin wannan wuta ita ce mafi muni, ita ce kuma ta fi kawo faɗa.

Akwai wani abu da masu garka a kwari suka sani. Da dare cikin sanyi, iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a fadama. Hayaƙi ba ya iya tashi sama. Yana shimfiɗuwa kamar hazo, ya shiga gidajen da ke kusa. Wutar da aka kunna da magariba, mutanen unguwa ne ke kwana da ita.

Hayaƙi yana taɓa aljihu kuma. Toka da baƙin hayaƙi suna sauka a kan salati da shu da zogala. Mai saye a kasuwa ya ga ganye da dauɗa, ko ya ji warin roba, sai ya wuce gaba. Zafin wuta yana yanƙwana irin da aka yafa. A garkar da ke bakin hanyar mota, hayaƙi yana rufe idon direba, ya jawo haɗari.

ABUBUWA BIYAR DA BA A SA WA WUTA KO KAƊAN

1. Leda da roba. Tsohon tiyo, fasasshen bokiti, takalmin roba, buhun taki. Hayaƙinsu yana da dafi. Dafin yana sauka a ƙasa da ganye, ba ya ruɓewa da wuri. Kaji suna tono a wurin, awaki suna kiwo, sai ya shiga ƙwai da nono da nama.

2. Tayar mota da ta babur da ta keke. Baƙin hayaƙinta yana da guba, kuma wutarta tana da wuyar kashewa.

3. Kwalabe da gwangwanaye da ledojin maganin ƙwari. Ko sun ƙare, akwai saura a ciki. Wuta tana mai da sauran nan hayaƙi, mutum ya shaƙa.

4. Gwangwanin feshi na maganin sauro ko na turare. Yana fashewa cikin wuta kamar bindiga. Ɓaraguzansa suna iya tsiyaye idon yaro.

5. Duwatsun rediyo da na tocila da batirin waya da na sola. Suna fashewa, kuma akwai ƙarafa masu dafi a cikinsu. Idan sun shiga ƙasa, suna iya kaiwa ga ruwan rijiya, rijiyar fadama kuwa ba ta da zurfi.

A kula da sharar birni da ake kawowa a amalanke don taki. Masu garka na kewayen Yamai da Maradi da Damagaram suna amfani da ita da yawa. Tana da ƙarfi, amma a gauraye take. Ba a sa mata wuta don a rage ta. A tsince ta, a tankaɗe ta da rariyar waya, a fid da leda da kwalba da ƙarfe da duwatsun rediyo. Mai wannan aiki ya sa takalmi, ya rufe hancinsa da ƙyalle.

A KASA SHARA KASHI HUƊU

Mai garka mai dabara ba ya yin tari ɗaya. Tun wajen shara yake kasa ta.

Kashi na ɗaya, abincin dabbobi. Ganyen shu, ganyen dankali, harawa, ɗanyar ciyawa. Da rani wannan kuɗi ne. Masu kiwon tumaki suna nema. Sai dai ganyen da aka fesa wa magani kwanan nan, ba a ba dabba shi.

Kashi na biyu, abin da ke ruɓewa. Ganye, ciyawa, kara, ɓawo, ruɓaɓɓen tumatir. Wannan na ramin taki ne. Ana kuma iya shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin tattasai ko tumatir ko itatuwa, don ƙasa ta daɗe da laima.

Kashi na uku, ƙaya da rassa da kara mai ƙwari. Ƙaya ta koma shinge. Rassa su tafi murhu. Kara ya zama darni mai tare iska.

Kashi na huɗu, abin da ba ya ruɓewa. Ƙarfe da gwangwani da tauraren roba, akwai masu saye. Leda a tara ta cikin buhu, a ɗaure baki, a kai inda hukumar gari ta keɓe. Inda babu irin wannan wuri, masu garka su haƙa rami guda nesa da rijiya da hanyar ruwa, su riƙa binnewa. Kada a bar ta a fili, gama dabba tana haɗiye ta, ta toshe mata ciki har ta mutu.

Kwalbar maganin ƙwari tana da tata hanya dabam. A ɗauraye ta sau 3, a zuba ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi, a fesa a shuka. A huda kwalbar don kada wani ya zuba ruwan sha ko mai a ciki. A ajiye ta inda yara ba sa kaiwa, a tambayi malamin gona inda za a kai ta.

YADDA AKE RAMIN TAKI

A zaɓi wuri mai inuwa, kusa da ruwa amma ba a bakin rijiya ba. A haƙa rami mai tsawon metir 2, faɗin metir 1 da rabi, zurfin rabin metir. A haƙa na biyu kusa da shi don juyi.

A sassara kara da ciyawa gajere-gajere. A shimfiɗa su kaurin taƙi ɗaya. A yayyafa ruwa har su jiƙe. A zuba kashin dabbobi kaurin yatsa huɗu. A barbaɗa tokar murhu kaɗan, kamar yadda ake sa gishiri a miya. A sake shimfiɗa ciyawa, a sake ruwa, a sake taki. Haka za a yi ta yi har tari ya ɗaga sama da bakin rami. A rufe da tsohuwar tabarma ko zana. A soka sanda a tsakiya.

Bayan kwana 3 ko 4 a zare sandar a taɓa. Idan ta yi zafi, aiki yana tafiya. Idan ta yi sanyi kuma a bushe, ruwa ya yi kaɗan. Idan tana wari, ruwa ya yi yawa, sai a juya. Zafin nan shi ne ke kashe yawancin ƙwayar ciyawa da ƙwai na ƙwari. Wato aikin da ake nema wurin wuta, ramin taki yana yin sa ba tare da hayaƙi ba.

Kowane kwana 15 a juya tarin zuwa ɗaya ramin, a ƙara ruwa. Cikin wata 2 zuwa 3 taki ya nuna. Yana yin baƙi, yana marmashewa a hannu, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Sharar da aka tara a Nuwamba ta zama takin dashe na biyu a Fabrairu.

IN ƘONAWA TA ZAMA DOLE

Akwai lokacin da wuta magani ce. Tumatir da ciwo ya kama, ko wanda tsutsar nan mai shiga cikin ganye da ƴaƴa ta cinye, ba a sa shi a ramin taki. Haka ƙuduji da ya riga ya yi ƙwaya. Irin waɗannan a tumɓuke su, a binne su da zurfi, ko a ƙone su. Wanda zai ƙona ya kiyaye waɗannan:

1. Ya bari shara ta bushe sarai. Busasshiya tana ci da sauri, hayaƙinta kaɗan.

2. Ya tsince leda da roba da gwangwani tukuna.

3. Ya gaya wa maƙwabtansa tun jiya, su yarda da lokaci.

4. Ya duba iska. Ya ɗebi ƙasa ya sake ta, ya ga inda ƙura ta nufa. Idan ta nufi gidaje ko makaranta ko likita ko hanyar mota, ya dakata.

5. Ya zaɓi lokaci. Da hunturu iska ta fi ƙarfi da hantsi. Tana lafawa da yamma. Lokaci mai kyau shi ne bayan la'asar, a gama kafin magariba.

6. Ya kunna cikin rami ko rabin tano, nesa da shinge da itatuwa da rudun albasa da man inji. Ya share kewaye taki 3 ko 4, har ƙasa ta fito fili.

7. Ya yi ƙaramar wuta, yana ƙara shara kaɗan-kaɗan. Kada ya zuba fetur.

8. Ya ajiye ruwa da shebur kusa. Ya tsaya a wurin. Ba a bar wa yaro gadin wuta.

9. Kafin ya tafi ya zuba ruwa, ya tona tokar, ya sake zuba ruwa. Garwashi yana kwana a ƙarƙashin toka, iskar safe ta tashe shi.

IN HAYAƘIN MAƘWABCI YA DAMI MUTUM

Abu na farko shi ne magana. Sau da yawa mai wuta bai san ya cuci kowa ba, domin shi yana bayan iska. Ba a zuwa masa da zagi, ba a kuma kashe masa wuta ba da saninsa ba. A yi sallama, a gaisa, sa'an nan a faɗi abin da ya kawo mutum.

A ce saurayi ne zai yi wa dattijo magana. Zai iya cewa: «Baba, sannu da aiki. Don Allah wata alfarma na zo nema. Hayaƙin nan yana sauka a kan irin albasata, ga kuma jikanka yana fama da tari. In ka yarda, gobe in zo in kwashe maka ciyawar in kai rami. In taki ya nuna mu raba.» Da wuya dattijo ya ƙi irin wannan magana. An girmama shi, an kuma ɗauke masa aiki.

Idan magana ba ta yi ba, a nemi wanda mutumin ke jin nauyinsa: yayansa, ko abokinsa, ko liman. Idan abin ya ci gaba, a kai wa shugaban ƙungiyar masu garka.

Nan ne karatu ke yin rana. Wanda ya iya rubutu ya samu littafi. Duk ran da aka yi wuta ya rubuta kwanan wata, da lokacin da ta soma, da lokacin da ta mutu, da abin da aka ƙona, da ɓarnar da ta yi. Ya rubuta sunayen waɗanda suka gani. Ran da aka zauna sulhu, ba sai an yi ta musu ba. Takarda ba ta mantuwa.

Idan ƙungiya ta kasa, sai gaban mai gari ko hakimi, domin sarakunan gargajiya suna da ikon yin sulhu a kan rigimar gona. Idan an yi ɓarna, a kira malamin gona ya duba, ya ƙiyasta hasara kafin a taɓa wurin. In sulhu ya ƙi, akwai ma'aikatar magajin gari, da ma'aikatan tsabta, da ma'aikatan gandun daji. Shari'a ita ce ta ƙarshe. Abin da ba a yi shi ne ramuwa. Wanda ya rama wuta da wuta, garka biyu ce za ta ƙone.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar kiyaye muhalli mai lamba 98-56, ta ran 29 ga Disamba 1998, ta hana ƙona shara a fili idan ƙonawar za ta cuci jama'a. Dokar daji mai lamba 2004-040, ta ran 8 ga Yuni 2004, ta tanadi horo ga mai haddasa wutar daji. Doka mai lamba 2014-63, ta ran 5 ga Nuwamba 2014, ta hana yin leda marar kauri da shigo da ita da sayar da ita a Nijar. Duk da haka leda tana nan ko'ina, don haka aikin tsince ta yana wuyan kowa.

Ba a nan kaɗai ake wannan rigima ba. A Ingila, hukumomin gari suna ba mutane hayar ƙananan garake, kowace wajen murabba'in metir 250. Can ma hayaƙi yana haɗa maƙwabta faɗa. Wata doka ta 1990 ta ba hukumar gari ikon rubuta wa mai damun mutane da hayaƙi takardar gargaɗi. In ya ƙi ji, kotu ta ci shi tara. Wurare da yawa sun hana wuta a garake sam, wasu sun yarda da ita a watannin sanyi kaɗai. Mai karya ƙa'ida yana iya rasa garkarsa. A Faransa kuwa, wata doka ta 2020 ta hana ƙona ciyawa da ganyen lambu a fili.

MASU GARKA SU YI TASU ƘA'IDA

Hukuma tana nesa, maƙwabci yana kusa. Abin da ya fi shi ne masu garka su zauna tun farkon rani su yanke shawara. Su sa ranar ƙonawa guda, da wuri guda. Su faɗi abin da aka hana ƙonawa. Su keɓe wurin tara leda da kwalaben magani. Su zaɓi mutum biyu ko uku masu sa ido, a sa mace a ciki, gama mata da yawa ne ke aikin garka. Su yanke abin da mai laifi zai biya. Ɗalibin yaƙi da jahilci ya rubuta ƙa'idar da manyan baƙaƙe, a karanta wa kowa, a kai wa mai gari kofi ɗaya. Ƙa'idar da kowa ya ji da kunnensa ba ta da wuyar bi.

IN WUTA TA ƘWACE

A yi kururuwa nan da nan, kada kunya ta sa a yi shiru. A fid da yara da dabbobi da man inji. A tsaya ta inda iska ke fitowa, kada a tare gaban wuta. A yi ta da ƙasa da ruwa da ɗanyun rassa. A sare shingen da ke gabanta don ta rasa abin ci. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, sai yashi. A garuruwan da ke da ƴan kashe gobara, lambar wayarsu 18.

Wanda tufarsa ta kama wuta kada ya yi gudu. Ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. A zuba wa ƙunar ruwa mai tsabta mai sanyi har minti 20. Kada a shafa mai, ko tawada, ko ƙwai, ko kashin shanu. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi likita.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A garka, shingen maƙwabci da na mutum ɗaya ne. Wanda ya mai da shararsa taki ya sami riba uku: ƙasarsa ta yi ƙarfi, iyalinsa sun shaƙi iska mai kyau, ya kuma zauna lafiya da maƙwabcinsa.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Waɗanne abubuwa biyar ne ba a sa wa wuta?

2. Me ya sa hayaƙin dare ya fi damun mutanen da ke kusa da fadama?

3. Idan an cika ramin taki ran 1 ga Disamba, ana juya shi kowane kwana 15, a waɗanne ranaku ne za a yi juyi na ɗaya da na biyu?

4. Wace ƙa'ida ce ta dace da garaken wannan gari? Kowane ɗalibi ya rubuta guda biyu a littafinsa.